Gurbin da Ke Tsakiyar Ƙwayoyi

Auta ake kiranta a gida, kuma sunan ya bi ta har jami'a, duk da cewa lokacin da ta koma karatun digiri na uku shekarunta talatin da takwas, tana da 'ya'ya biyu. Mahaifinta mai gyaran keken ɗinki ne, mahaifiyarta kuwa ba ta taɓa gane abin da 'yarta ke karantawa ba. Auta ta yi shekara goma sha ɗaya tana koyar da fiziks a makarantar sakandare kafin ta ajiye alli, ta ce tana so ta ga ƙarshen abin.

Idan Inna ta tambaye ta, sai ta ce, "Inna, ki ɗauka abubuwa biyu ne ke jan juna. Wannan da biro da takarda zan gaya miki inda za su kasance gobe. In suka zama uku, kai ya fara zafi. To ni ƙwayoyi ɗari biyu nake da su, kowace na jan kowace, sai kwamfuta ta riƙa binsu taku bayan taku."

"Ɗari biyu kowa na jan kowa? Ai gidan kakanki ke nan," in ji Inna. "Har da sai an je jami'a?"

Ɗakin kwamfutocin sashen yana ƙasan bene, ba taga. Tebura shida ne, da na'urar sanyaya ɗaki da ke ɗigar da ruwa a cikin bokiti, da babban inji a bayan gilashi wanda wani dattijo da ake kira Injiniya yake kula da shi kamar jariri. Auta takan zo da safe bayan ta kai yara makaranta, ta tashi da la'asar. Farfesa, mai duba aikinta, ya ba ta wata tsohuwar manhaja ya ce ta fara da ita, wani ɗalibi ne ya rubuta ta shekarun baya.

Wata uku komai lafiya. Ƙwayoyin sukan bayyana a allo kamar ɗige-ɗigen farin fenti a cikin akwati, suna kai da komo. Ran nan da hantsi ta bar lissafin ya yi nisa fiye da kullum, ta fita shan iska. Da ta dawo sai ta tarar ƙwayoyin sun ja baya sun bar fili a tsakiya, kewayayye sumul, suna zagaya shi a hankali. Haka mutane ke yi a titi idan wani ya faɗi: kowa ya matsa, ba mai tafiya. A lissafinta kuwa babu komai a wurin da zai kore su.

Ta ce kuskuren tsohon ɗalibin ne. Ta ajiye manhajarsa, ta zauna mako bakwai ta rubuta tata daga farko, layi bayan layi, ba ta ɗauki ko harafi daga tasa ba. Ta kunna. Kwana biyu injin yana aiki, a na uku gurbin ya buɗe.

Da ta nuna wa Farfesa, ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da gefen rigarsa.

"Malam, ka taɓa ganin irin wannan?"

"Ki rage girman takun, ki sake gwadawa."

"Na rage har sau huɗu."

"To ki canza aiki. Akwai tambayoyi da yawa a duniya." Ya mayar da tabarau, ya ja wata takarda gabansa, alamar magana ta ƙare.

Injiniya ne ya gaya mata, yana zubar da ruwan bokitin. Ya ce mai tsohuwar manhajar Dogo ake ce masa, kuma a kan kujerar da take zaune ya yi shekara uku. Yaro mai fara'a, mai tsokana. Sai ya fara ganin gurbin nan. Ya daina tsokana, ya daina fita cin abinci. Wata rana da azahar Injiniya ya shigo ya same shi tsaye, ya jingina da bango, yana ta matsawa gefe kamar mai ba wani hanya, alhali shi kaɗai ne a ɗakin.

"Ya rasu ne, Baba?"

"Yana nan da ransa, a gidan yayarsa. Shekara bakwai ke nan. Ni dai shawarata, 'yata, ki bi maganar Farfesa."

Ba ta bi ba. Ta karɓi kwatancen gidan yayar Dogo a wurin Injiniya. Irin wannan lissafi yana buƙatar a ba shi wata lamba ta farawa, wadda daga ita kwamfuta ke watsa ƙwayoyin a cikin akwati kamar an watsa tsaba. Canza lambar, ka canza yadda komai zai gudana. Ranar Litinin Auta ta zaɓi sabuwa fil: lambar motar hayar da ta kawo ta, wadda ta hango lokacin da take sauka. Ranar Alhamis da safe ta buga hoton sakamakon a takarda, ta ninke ta sa a jaka, ta nufi gidan.

Yayar Dogo mace ce mai jiki, ma'aikaciyar jinya, ta karɓe ta hannu biyu ta kawo ruwa. Ta ce ƙanenta ba ya cutar da kowa, yana ci, yana wanka, magana ce dai sai ya ga dama. Ta kai ta barandar baya. Rana tsaka ce, wanki na shanye a igiya, rediyon maƙwabta na ta surutu. Dogo na zaune a kan tabarma, ya miƙe dogayen ƙafafunsa, gashin kansa ya fara furfura. A gabansa akwai babban tire na ƙarfe cike da marafan kwalba.

"Kullum aikinsa ke nan," in ji yayar. "Ɗari biyu ne cif. In ɗaya ya ɓata ba a zaman lafiya."

Auta ta durƙusa ta gaishe shi, bai ɗago ba. Ta dubi tiren. Marafan sun bar fili a tsakiya. Wannan bai ba ta mamaki ba, tunda ya ga abin a da. Amma a gefen hagu guda uku sun haɗu sun yi kusurwa, can sama kuma ɗaya ya ware shi kaɗai kusa da baki. Ta zaro takardar ta buɗe a gefen tiren. Ga ukun, ga warewar ɗayan. Ta fara ƙirgawa daga sama, ta kai arba'in da wani abu, duk suna kan wurarensu, sai ta kasa ci gaba.

Dogo ya kalli takardar. Ya sa yatsa ya tura marfi ɗaya gefe kaɗan, ya ce da murya a dishe, "Kin tsayar da shi da wuri." Sannan ya ɗago, amma ba ita ya kalla ba. Ya kalli gefen kafaɗarta ta dama, ya sunkuyar da kai kamar mai gaisuwa, ya janye ƙafafunsa.

Auta ba ta waiwaya ba. Ta yi sallama da yayar a tsaye, ta fito titi, ta yi tafiya mai nisa a ƙasa kafin ta tuna ana shiga mota.

Washegari ta ƙyale lissafin ya ƙara taku dubu. Ƙwaya ɗaya ce ta fi motsawa, kuma inda Dogo ya tura marfin nan ta tsaya.

Mijinta, wanda direban motar asibiti ne, ya ce ta bar karatun haka, satifiket ba ya jinyar mutum. Ta yi kwana goma ba ta taka sashen ba. A rana ta goma sha ɗaya ta koma, amma ta roƙi Injiniya ya riƙa zama a ɗakin idan tana ciki, ƙofa a buɗe. Ta daina kallon allo gaba ɗaya, ta koma bin lambobi a takarda.

Wata biyar ta yi a haka kafin ta kama zaren. Akwai wani ƙaramin sashe a babban injin, wanda kowa ke aron lambobin watsa ƙwayoyi daga gare shi, ita da Dogo duka. Lambobin da yake bayarwa ba a warwatse suke da gaske ba. Bayan dogon zango sukan fara maimaita wani tsari a ɓoye, kuma tsarin ne ke tura ƙwayoyin gefe. Ta sauya sashen, gurbin ya rufe. A kan wannan ta rubuta kundinta, aka yaba, aka ba ta digiri. Farfesa ya yi murna har ya riƙa gaya wa mutane cewa tun farko ya san abin da sauƙi.

"Shi ya sa tiren ya yi daidai da takardarki," ya ce mata, ranar da ta ba shi labarin tiren Dogo. "Inji ɗaya, lambar farawa ɗaya, dole sakamako ya zo ɗaya. Ya haddace nasa ne kawai."

"Malam, lambar motar haya ce fa. Ranar Litinin ɗin na fara ganinta."

Farfesa sai ya tambaye ta ko ta mayar da littattafan laburare.

Yanzu Auta tana koyarwa a sashen, ɗalibai na cewa tana da kirki amma ba ta yafe kuskuren lissafi. Ofishinta a hawa na biyu yake, ta zaɓi mai taga biyu. Duk ƙarshen wata takan je gidan yayar Dogo da sabulu da 'ya'yan itace. Ta taɓa kai masa kwafin kundin, ta karanta masa shafin da ta gode masa. Ya saurara har ƙarshe, ya karɓa, ya ɗora a kan tabarma a gefensa, ya juya shi ta yadda rubutun zai fuskanci wurin da ba kowa. Bayan ɗan lokaci ya miƙa hannu ya buɗe shafi na gaba.

Yayar ta leƙo daga kicin ta tambaya ko za ta tsaya cin abinci. Auta ta ce a'a, yara na jiranta.