Raihanatu Mai Tsintar Aduwa

A Gidan Chindo, wani ƙauye da ke karkarar Bazaga, in ka tambayi gidan Raihanatu za a nuna maka wanda ɓawon aduwa ya yi tudu a ƙofarsa. Tun tana yarinya take wannan sana'a, uwarta ce ta koya mata. A tsinto aduwa lokacin sanyi, a jiƙa, a murje zaƙin, a shanya ƙwallon, sannan a zauna da duwatsu biyu a yi ta fasa har yatsu su mutu. A soya ƙwayar, a daka, a matse. Man da ke fita bai da yawa, amma ana miya da shi, ana shafa wa jinjiri. Ran kasuwa takan kai kwalba biyu ko uku Ƙonni, ta dawo da gishiri da sabulu.

Mijinta Yakuba manomi ne, gero da wake, da 'yan awakinsa. Shekara ashirin da shida suka yi tare. Ba mai yawan magana ba ne, ita ce mai surutun gidan, kuma matan ƙauyen sun san dariyarta tun daga bakin rijiya.

Wata bazara ciyawa ta ƙare ƙaf, awaki suka fara cin tsumma da leda. Yakuba ya ɗauki gatari ya nufi babbar aduwar da ke bakin gonarsa don ya sassaro musu ganye, yadda kowa ke yi. Reshen da ya taka ya ruɓe ta ciki. Da hantsi aka zo aka kira Raihanatu, tana cikin daka. Ta tarar da shi kwance a gindin iccen, idonsa biyu, awaki suna cin ganyen da ya faɗo tare da shi. Aka ɗora shi a amalanken jaki aka nufi Ƙonni. Ba su kai kwalta ba ya cika. Ƙanensa Mumuni, wanda ke korar jakin, ya sauka ya juya akalar, suka komo gida.

Ba ta yi kuka ba. Mata suka yi ta cewa ta yi, kada abin ya zauna mata a ciki. Ta so ta yi musu, kukan ne bai zo ba. Ta yi takaba ta gama. Ana gaishe ta tana amsawa, ana ba ta abinci tana ci. 'Yarta Ummul Khairi, da ke aure a Malbaza, ta zo ta yi wata biyu, ta koma tana gaya wa mijinta cewa Inna na nan amma kamar ba ta nan.

Bayan an share makoki Mumuni ya zo da gatari a kafaɗa.

"Yaya, za ni in kada iccen ga. Ban iya wucewa ina ganin shi tsaye."

"Mi icce ya sani?" in ji ta. "Bar shi."

Ba don tana son iccen ta faɗi haka ba, ba ta kuma ƙi shi ba. Ta ga dai kada shi aiki ne, kuma ba zai sa kome ya sake ba. Da sanyi ya shigo ta ɗauki ƙwarya ta tafi tsinta, har gindinsa ta durƙusa ta tsince abin da ya zubar.

Shekara biyu bayan haka wata mota ta tsaya a ƙofar maigari. Wani mutum mai suna Anwar ya fito, ɗan Illela ne, yana yi wa wani kamfani na Yamai aiki. Kamfanin na sayen ƙwayar aduwa, yana matse mai, yana sayar wa masu yin sabulu da man shafawa a ƙasashen waje. Anwar ya ce masu sayen nan suna da sharaɗi, kuma akwai takardar shaida da ba a ba kamfani sai ya kiyaye shi. Ba a kaɗa icce da sanda, sai wadda ta nuna ta faɗo da kanta. Ba a sarar reshe. Ba a sa yara tsinta ranar lakwal, wato makaranta. Kuma kowane gindi, in an tsinci kashi biyu a bar na uku a ƙasa.

"A bar ma wa?" in ji wata mata mai suna Bushira, ƙawar Raihanatu tun suna 'yan mata.

"A bar ma kurege da tsuntsu da bisashe," in ji Anwar. "Akuya in ta ci, ita ka kai ƙwallon nesa ta yar, can ya tsiro. Ku duba dajin ga naku. Duk manyan itace ne, tsofaffi. Ina ƙanana? In waɗanga sunka mutu, mi za ku tsinta?"

Mata suka duba, suka ga gaskiya ne, ba su taɓa lura ba. Aka kafa ƙungiya. Da aka zo zaɓen shugaba sai kowa ta nuna Raihanatu, don ta fi kowa sanin aduwa, kuma tun rasuwar mijinta ba a ƙara jin ta a rigimar kowa ba. Aka tambaye ta, ta ce to.

Malamin daji ya zo da Anwar suka bi itacen ɗaya bayan ɗaya suna shafa musu shuɗin fenti. Aka raba wa kowace mace yankinta. Anwar bai san labari ba, ya ba Raihanatu bakin gonar Yakuba. Wata ta buɗe baki za ta yi magana, Raihanatu ta riga ta ɗauki ƙwaryarta ta yi gaba.

Shekara biyu abin ya tafi daidai. Mota na zuwa kowane sati biyu. Mata suka sayi tukwane, wasu suka sayi tumaki. Raihanatu ta sa aka gyara mata rumbu, ta aika wa jikokinta atamfa. Wani ya zo da na'urar hoto ya ce ta riƙe ƙwarya ta yi murmushi. Ta buɗe haƙora yadda ya nuna mata, ya ɗauka sau uku, ya ce ya isa.

Shekara ta uku damina ta yi gardama. Ruwa ya ɗauke gero na cikin bunni, wake bai yi harawa ba. Aduwa ma ta yi rowa. Kafin sanyi ya yi nisa mata suka fara tafiya da sanduna a ɓoye cikin zane. Suna kaɗa itacen, ɗanya da nunanna su zubo tare, su share gindin tas, ko ɗaya ba su bari. Da zafi ya matso maza suka koma sarar rassa, har da masu shuɗin fenti. Mumuni na cikinsu. Raihanatu tana gani. Ta gaya wa Bushira sau ɗaya cewa ba haka aka yi da su ba.

"Ke Raiha, kurege za mu ciyar ko ɗiyanmu?" in ji Bushira.

Raihanatu ta ɗauki ƙwaryarta ta wuce. Ta ci gaba da barin kashinta na uku, duk da ta san tana juya baya wata za ta kwashe.

Ana nan sai Anwar ya aiko cewa mai bincike na tafe, wadda ke duba ko kamfani ya cancanci riƙe takardarsa. Maigari ya tara mutane. Aka shirya za a ce makiyaya masu wucewa ne suka sassare rassan, iska kuma ta kaɗo ɗanyar. Kowa ya riƙe abin da zai faɗa. Aka dubi Raihanatu, ta yi shiru, aka ɗauka ta yarda.

Matar ta zo, 'yar Yamai ce mai tabarau, Hausarta da ɗan gargada. Ta zagaya daji da ƙafa har azahar. Ta tsaya a gindin wata aduwa, ta shafa sabon sara, ta dubi ƙasa da aka share kamar tsakar gida. Sannan ta ce a ba ta wuri da shugabar ƙungiya.

Suka zauna a inuwa, Anwar na gefe.

"Inna, wa ya sare waɗannan?"

Raihanatu ta tuna abin da aka shirya. Ta ji tsawonsa, da yadda za a yi mata wata tambaya a kansa, da wata bayan ita, kuma duk sai ta riƙe su a ka. Ta ji ba ta da wannan ƙarfin.

"Mu munka sare. Mu munka kaɗa. Ba baƙo ciki."

Anwar ya sunkuyar da kai. Matar ta jira ko za ta ƙara, ta ce, "Kun san sharaɗin?"

"Mun sani. Kun ce kada a sari reshe. To ba ku ce mi akuya za ta ci ba in ciyawa ta ƙare. Mutum ba ya hawan ƙaya don daɗi. Mai gidana can ya hwaɗo." Ta nuna da haɓa. "Wancan mai fenti."

Ta faɗe shi yadda ake faɗin inda rijiya take. Matar ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Anwar ya ce, "Inna, ni na ba ki wurin ga. Don mi ba ki gaya mini ba?"

"Ba ka tambaya ba. Kuma yana zubar da 'ya'ya da kyau."

Sati uku bayan haka saƙo ya zo: kamfani ya dakatar da saye a Gidan Chindo har shekara ta zagayo. Buhunan da aka tara suka zauna a zaure, ƙwari suka shiga wasu. Gari ya juya wa Raihanatu baya. In ta iso rijiya hira ta mutu. Aka yi suna a gidan Bushira ba a aiko mata goro ba. Mumuni ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, bai shigo ba.

"Yaya, kin kashe ma mutane abinci. Da kin yi kurum mi za ya rage ki?"

"Ba kome."

"To don mi?"

"An tambaye ni."

Ya tsaya yana jiran ta yi faɗa ko ta ba da haƙuri. Ta ci gaba da tankaɗe. A wannan bazarar ya sayar da awakinsa shida a kasuwar Ƙonni, a wulaƙance, don ƙashi ne kawai da fata. Ta ji labari. Ta san ya kamata abin ya dame ta, ta lalubi damuwar a ranta ba ta same ta ba. Ummul Khairi ta aiko a ɗauke ta zuwa Malbaza, ta ce sai ta ga yadda damina za ta yi.

Damina ta yi kyau. Da kaka Anwar ya dawo, tare da malamin daji da wani babba daga buron kamfanin, wato ofishinsu na Yamai. Babban ya ce sun kai maganar gaba, an yi ta ja, wasu sun ce a bar ƙauyen a nemi wani. A ƙarshe an yarda cewa sharaɗin nasu ma yana da giɓi. Kamfani zai gina rumbun harawa da dusa, a cika shi tun da kaka, a buɗe da bazara. Malamin daji zai ware itacen da za a iya rage wa rassa, ya koya wa maza yadda ake yi daga ƙasa da doguwar lauje, ba hawa. Ƙananan aduwa da suka tsiro za a kewaye su da ƙaya. Amma kashi na uku yana nan, kuma in aka sake kaɗawa sun tafi ke nan.

Mutane suka yi ta murna. Waɗanda suka daina gaishe ta suka fara cewa ai dama ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Ta amsa musu yadda ta amsa shirunsu.

Rumbun bai isa kowa ba a shekarar farko, kuma daga cikin ƙananan itacen da aka kewaye awaki sun cinye fiye da rabi. Sauran suna nan, wasu sun kai gwiwa.

Da kamfani ya buɗe sababbin ƙauyuka a wajen Illela, Anwar ya roƙe ta ta je ta nuna wa matan can aikin. Kwana huɗu ta yi. Ta nuna musu yadda ake gane wadda ta faɗo da kanta, da inda ake bugun ƙwallo ya tsage ƙwayar ba ta fashe ba. Wata da ta fita takaba kwanan nan, wadda aka ba labarin Raihanatu, ta matso kusa da ita lokacin da ake shan hura.

"Inna, an ce ke ma kin rasa naki. Aikin ga shina sa a manta?"

Raihanatu ta yi tunani, don ba ta so ta ba ta amsar banza.

"A'a. Amma rana tana hwaɗuwa da wuri."

Mota ta sauke ta a bakin gari da la'asar. Ta tarar an share mata tsakar gida, an ba awakinta ruwa, randa cike. Bushira na zaune a kan turmi da kwano a rufe, tana ta ba da labarin abin da ya faru a kwana huɗun nan, wa ya haihu, wa ya yi baƙi, kamar ba su taɓa yin shekara ba sa magana ba. Raihanatu ta wanke hannu ta buɗe kwanon. Tuwo ne da miyar kuka. Bushira ta ce ta yi haƙuri, gishiri ya ɗan yi yawa. Raihanatu ta ce ba ta ji ba, ta cinye.