Sabi'u Mai Lawashi Ba Ɓarawo Ba Ne

Ina cikin fere doya da safen nan labari ya iske ni, an kashe Sabi'u mai lawashi. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Bidiyon da kuke ta turawa kuna cewa an kama ɗan ƙwacen waya, to shi ne. Ƙarya ce, wallahi ƙarya ce!

A Gyaɗi-Gyaɗi yake. Siririn lawashin nan mai kama da ciyawa, wanda ba ya yin ƙwallo kamar albasa, shi yake nomawa cikin buhuna a wani kango. Maƙwabciyarsa Mama Rifkatu ce ta kawo masa irin daga Jos. Ba a tuge shi, yankawa ake da sassafe kafin rana ta sa ya yi yaushi, sai ya sake tohowa. Shi ya sa kullum da 'yar wuƙa a hannunsa.

Yau ma yankan yake ya ji ihu. Ɓarayi sun caki wata mata sun gudu da wayarta. Ya fito a guje da wuƙarsa, ya tallabe ta, jini ya jiƙa masa riga. Jama'a suka taru, wani ya ce ga ɓarawon nan. Shi ke nan fa. Gora, bulo, katako. Mama Rifkatu tana ihun ba shi ba ne, aka hankaɗa ta cikin kwata. Suka fasa masa kai yana cewa, "Ku tambaye ta mana!" Matar kuwa ta suma.

Farkon buɗe shagon abincina a Tarauni na zuba lawashin nan a miya ya dahu ligif. Ya yi ta min dariya. "Haba Hajiya, ai kin kashe shi. Sai kin sauke miyar ki barbaɗa."

Da mahaifiyata ta daina cin abinci, shi ya kawo mata tushe guda a gwangwani, ya ce ko ƙamshin zai ja ta.

Jiya ya tsaya ƙofar shago, na ce ya zauna ya ci, ya ce, "Sai gobe, shukata na jin ƙishi."

Ku da kuka ɗaga bulon, ban yafe ba.

Ku kuma masu turawa, 'yarsa Ummi tana cikin guruf ɗin unguwa. Ku goge kafin ta ga yadda ubanta ya ƙare da sunan ɓarawo a kansa.

Allah ya jiƙanka Sabi'u, ya bi maka haƙƙinka. Don Allah wanda ya karanta ya sa shi a addu'a, ya kuma kira shi da sunansa.