Wasiƙar da Saje Lyle Ya Manta Ya Rubuta

Shekara talatin da ɗaya ina soya kifi duk ranar Juma'a a zauren 'yan mazan jiya na garinmu Ostrova, a jihar Wisconsin, kuma a tsawon shekarun nan mutum ɗaya tak na taɓa gani an kora daga zauren da faranti a hannunsa. Ɗan wana ne, Wade Lukasik. Wanda ya kore shi kuwa Saje Lyle Brandvold ne, shugaban zauren. Ina gaya muku tun yanzu, ban yafe wa Lyle ba, ba ni kuma da niyyar yafewa.

Wade yaro ne mai shiru tun tasowarsa. Yana ɗan shekara goma yake kwance injin yankan ciyawar ubansa ya mayar, ko ƙusa ɗaya ba ta rage ba. Da ya gama sakandare ya shiga rundunar sojojin jiha kamar sauran samarin garin, atisaye sau ɗaya a wata, sauran kwanaki kowa na sana'arsa. A shekarar 2004 aka kwashe su gaba ɗaya, mutum arba'in da biyu daga gari ɗaya, aka kai su Iraki. Lyle, mai shagon kayan gini da ke babban titi, shi ne sajensu.

A can ne wata motarsu ta taka nakiya ta kama da wuta. Wade ne ke tuƙa motar da ke biye da ita. Ya diro, ya jawo mutum biyu daga cikin wutar, yana ajiye na biyun wata nakiyar ta tashi ta yi jifa da shi. Haka ya gaya wa ubansa, haka ya gaya mini. Amma da suka dawo gida, takardar hukuma cewa ta yi Saje Brandvold ne ya jawo mutanen, kuma shi za a liƙa wa lambar yabo.

Wade ɗin da ya dawo ba shi ne wanda ya tafi ba. Ba ya iya zama ya juya wa ƙofa baya, ko a coci. Magana kaɗan sai faɗa, giya kuwa tun da safe. Ranar da za a liƙa wa Lyle lambar a bariki, muna zaune a kan kujeru da 'yan tutocinmu, sai muka ga Wade ya fito daga layi yana tafiya a hankali. Naushi ɗaya ya yi wa Lyle a gaban kanar, ya karya masa hanci ya zubar masa da haƙora biyu. Daga nan ya ƙi zuwa atisaye wata uku. Ba zan ce bai yi laifi ba, ya yi. Amma ni da aka ji ƙarar naushin nan, sai da na sunkuyar da kai don kada a ga fuskata.

Da aka zauna shari'arsa, Lyle ya rantse cewa babu wata nakiya da ta taɓa Wade, wai dama can mashayi ne tun kafin su tafi. Aka sallame shi daga soja da takardar da ta ce ba sallamar mutunci ba ce, wadda a nan muke kira baƙar takarda. Da ita asibitin tsofaffin sojoji ba ya karɓarka, aikin ƙaramar hukuma ba ka samu, a faretin shekara kuma a gefen titi za ka tsaya da yara. Matarsa ta kwashe kayanta da 'yarsu ta koma Green Bay. Shi kuma ya kama jan motocin da suka lalace, da sanyi yana share dusar ƙanƙara a ƙofar gidajen mutane.

Ranar da aka kore shi daga zauren, Juma'a ce cikin azumin kafin Ista. 'Yarsa Kaylee ta zo masa hutu, tana da shekara shida, ta ce kifin Gwaggo Bernice take so. Na zuba musu da kaina, kifi uku-uku da dankali da kabeji. Sun juya za su nemi wurin zama ke nan Lyle ya tare su.

“Ina zuwa kuma, malam?”

“Kifi za mu ci, Saje. Ba dai na kowa ba ne?”

“Na kowa ne, ban da wanda ya wulaƙanta kaki. Yarinya ta zauna in tana so. Kai ga ƙofa.”

Na leƙo daga kicin na ce, “Lyle, ka ji tsoron Allah, a gaban 'yarsa?”

Ya ce, “Bernice, mai yana ƙonewa, koma ki duba.”

Mutum ya fi tamanin a zauren nan, har da waɗanda suka je Irakin tare da su, kowa ya tsura wa farantinsa ido. Wade ya ajiye nasa a kan tebur, ya kama hannun yarinyar suka fita. Na so in cire rigar girki in bi su. Abin da ya hana ni shi ne na ga in na tafi, ba wanda zai rage a wurin da zai riƙa kallon Lyle da idon da ya dace da shi. Tun daga ranar, duk kifin da ya ƙone a kaskona, farantinsa yake zuwa.

Shekara tara aka yi a haka. Wade ya daina shan giya da kansa, ba wanda ya taimake shi. Sai aka ji cewa ƙa'ida ta sauya, hukumar da ke gyara takardun soja ta fara duba ko ciwon da yaƙi ya bar wa mutum a kai ne ya sa shi aikata laifi. Wata matashiyar lauya mai suna Sheng Moua, daga ofishin taimakon kyauta na jami'a, ta karɓi maganarsa. Ta ce abu ɗaya hukumar ke so, shaidar cewa nakiyar ta same shi.

Wade ya bi abokan yaƙinsa gida-gida yana roƙon su rubuta masa abin da suka gani. Wannan a shagon Lyle yake aiki, wancan 'yar ƙanwar Lyle yake aure, wani ya ce hayaƙi ya yi yawa ranar. Cikin mutum biyun da ya ceto, ɗaya ya rasu a haɗarin babur, ɗayan kuma a sume aka jawo shi, bai san hannun wa ya kama shi ba. Hukuma ta ƙi buƙatar.

Ya zo kicin ɗina da takardar ƙin, ya zauna yana fuskantar ƙofa. Na ce masa, “Ka haƙura haka, ɗana. Asibitin nan ma ai ba aljanna ba ce.”

“Gwaggo, wa ya ce miki asibiti nake nema?”

“To me kake nema?”

“Bakin Lyle nake so in gani yana karantawa.”

Nan take na gane. A zaurenmu, duk wanda zai zama sabon mamba yakan kawo takardar sallamarsa, shugaba ya tsaya a gaban jama'a ya karanta ta da ƙarfi, sannan ya sa masa hular zauren da hannunsa. Tun bayan yaƙin duniya na biyu haka ake yi, a rubuce yake a littafin dokokinmu. Na dubi yaron nan, na ga ashe ba ni kaɗai ke dafa abu a ciki ba, wallahi sai na ji daɗi.

Kwana uku bayan haka ina goge firijin kifi a kicin ɗin zauren sai idona ya faɗa kan kabad ɗin da ke bayansa. Lokacin da yaran suke Iraki, mu matan zauren mun riƙa aika musu da kwalaye, safa da busasshen nama da alewa. Al'adarmu ce duk wasiƙar godiya da ta dawo a karanta ta a taron mata, a huda ta a sa a fayil. Ba ma zubar da komai, har katin gaisuwa na 1968 yana nan. Na ja firijin ni kaɗai, da shekaruna saba'in da ɗaya, na ciro fayil na 2004.

Ga ta nan, shafi biyu, da rubutun Lyle mai kwanciya gefe, da kwanan wata na Oktoba. Bayan ya gode mana kan safa, sai ya rubuta: “Ku sa Wade Lukasik a addu'a. Jiya ya jawo mutum biyu daga mota mai cin wuta, nakiya ta biyu ta jefar da shi, jini na fita ta kunnuwansa duka biyu. Ya ƙi a kai shi asibiti. Tun lokacin ba ya cikin hayyacinsa. Ban taɓa ganin jarumta irin wannan ba.” Ya rubuta ta ne kafin ya san cewa akwai lambar yabo a cikin maganar.

Ni ce ma na karanta wasiƙar a taron mata shekarun baya, muka yi kuka, muka huda ta, muka manta. Na zauna a kan bokiti ina zagin kaina. Sannan na naɗe ta a cikin rigar girki na shiga mota sai ofishin lauya, tafiyar awa biyu, ko kayan ban canza ba.

Sheng ta karanta sau biyu, ta ɗago ta ce, “Mama, sato ta kika yi?”

“Ta mata ce. Mu aka rubuta wa, ba shi ba.”

“To ai shi ke nan,” in ji ta, tana toshe hanci tana dariya. “Takardar nan da warin kifinta za ta shiga fayil.”

Aka sake shigar da buƙata. Likita ya duba Wade, ya tabbatar da rauni a kai da mutuwar kunnen hagu. Aka yi zama ta allon talabijin, mutum uku daga babban birni suka yi masa tambayoyi, bai ɓoye naushin ba. Da suka tambaye shi ko yana nadama, ya ce yana nadamar an yi a gaban tuta. Sheng ta ce ta kusa faɗowa daga kujera. Wata goma sha huɗu muna jira, sai a watan Maris na 2019 ambulan ɗin hukuma ya iso. An soke baƙar takarda, an ba shi sallamar mutunci.

Taron wata-wata na zauren ranar Talata ake yi da ƙarfe shida. Ban taɓa ganin ya cika haka ba, har matan da ba su da hurumin shiga suka cika kicin ɗina suna leƙe ta tagar miƙa abinci. Kaylee, wadda ta zama budurwa 'yar jami'a, ta taho daga Green Bay ta tsaya kusa da ni. Wade ya shigo da farar riga a goge, ya miƙa takardarsa.

Lyle ya tsufa, ya yi tumbi. Ya karɓa, ya miƙa wa mataimakinsa, wai maƙogwaronsa na ciwo. Sai tsoho Stan Wojcik, wanda ya yi yaƙin Koriya kuma shi ke riƙe da littafin dokoki, ya buga sandarsa a ƙasa.

“Littafi ya ce shugaba, Lyle. Bai ce mataimaki ba. In maƙogwaro ne, Bernice ta kawo maka ruwan zafi.”

Na ce daga taga, “Babu gas!”

Aka yi dariya, Lyle ya karɓi takardar ya karanta cikin haƙora, da sauri kamar mai karanta takardar magani. Da ya kai ƙarshe Wade ya sa hannu a bayan kunne.

“Ban ji ba, Saje. Ka san kunnen nan, ai kai ka fara ba da labarinsa. Dawo ta wannan gefen.”

Lyle ya zagayo, fuskarsa ta yi ja, ya sake karantawa.

“Wace irin sallama ka ce?”

“Ta mutunci.”

“Na baya ba su ji ba.”

“Ta mutunci!”

Lyle ya ɗauko hular ya ɗora wa Wade a kai, ta karkace. Wade bai gyara ba, ya tsaya kawai yana kallonsa, har sai da Lyle ya miƙa hannu ya daidaita ta. Kaylee ta matse mini yatsu sai da suka yi ƙara. Ni kuwa raina fari tas, ban ji ko ɗigon tausayi ba.

Na zaci an gama. Sai Stan ya buɗe littafi ya ce saura abu ɗaya, sabon mamba shi ke zaɓar aikin da zai riƙe a zauren, ko fareti, ko kula da mashaya, ko ziyarar marasa lafiya. Wade ya ce a sa shi a ayarin jana'iza, masu raka gawar mamba maƙabarta su naɗe tutar da ke kan akwati su miƙa wa iyalinsa. Ya ce naɗin tutar yake so, don hannunsa ya iya. Stan ya ce wurin ya daɗe babu kowa, ya rubuta sunansa.

Lyle ya gane kafin kowa, na ga bakinsa ya buɗe. Wade ya matsa kusa da shi, ya yi maganar a natse, amma zauren ya yi tsit har mu na kicin muka ji.

“Ka kula da lafiyarka, Saje, kada ka yi sauri. Amma duk ranar da ta zo, ni zan ɗauke tutar daga kanka, ni zan naɗe ta, ni kuma zan durƙusa a gaban matarka in gaya mata ƙasa na godiya da amanar da ka riƙe. Da ƙarfi zan faɗa, na baya ma su ji.”