Rayuwar Injiniyar da Ta Rage wa Waya Cin Batir

Haihuwa da asali

An haifi marigayiya Injiniya ranar Litinin, a watan Maris na shekarar 1979, a garin iyayenta, cikin ɗakin haya da ke bayan tashar mota. Mahaifinta direban bas ne, aji uku ya yi a makaranta. Mahaifiyarta tela ce. Ita ce 'yar fari cikin biyar. Sunan kakarta ta wajen uba aka sa mata, saboda haka mahaifin bai taɓa kama sunan ba, Uwata yake ce mata. Ƙannenta suna kiranta Yaya.

Karatu

Ta shiga firamare a 1985, sakandare a 1991, ba ta taɓa maimaita aji ba. Ba mai surutu ba ce. Sau biyu ta kwance rediyon gidansu: na farko ya mutu murus aka yi mata faɗa, na biyu ya tashi ya fi da magana, babu wanda ya ƙara tanka mata. A 1997 ta sami gurbi a jami'a, sashen lantarki da sadarwa, su uku mata cikin ɗalibai sittin, ta kammala a 2002 da sakamako mafi daraja.

Aiki da aure

A 2004 wani kamfani mai tsara manhajar wayoyin hannu ya ɗauke ta aiki. Aka fara ajiye ta a ɗakin gwaji, ɗaki marar taga wanda aka lulluɓe bangonsa da ƙarfe don kada sabis na waje ya shiga, wayoyi jere a kan dogon tebur, bayansu a buɗe, kowace an jona ta da na'urar auna wutar da take sha. Shekara biyar ta yi a nan kafin a hau da ita bene.

A 2006 ta auri malamin lissafi, mutum mai haƙuri. Allah ya ba su 'ya'ya uku, a 2007, 2010 da 2014. Ita da mijinta ba a taɓa kai ƙararsu gaban iyaye ba.

Tsarin awo

Kowace wayar hannu, ko tana aljihu ko tana kan tebur, takan farka a kai a kai ta auna ƙarfin sabis na dogon ƙarfen sadarwar da take riƙe da shi, da na ƙarafan da ke maƙwabtaka, domin ta san inda za ta koma in mai ita ya yi gaba. Wannan awo yana cin batir. A 2016 Injiniya ta kawo hujja cewa wayar da ke zaune wuri ɗaya ba ta da dalilin yawan leƙen maƙwabta. Ta tsara ƙa'ida: idan ƙarfin sabis bai sauya ba na wasu mintoci, waya ta ɗauka ajiye take, ta sassauta awo. Shekara uku ana gwaji. Cin batir na zaman jira ya ragu da kashi ɗaya cikin biyar. A farkon 2019 aka naɗa ta shugabar sashe, aka rubuta sunanta a kan tsarin, aka tsayar da watan Satumba don sakinsa cikin wayoyin kasuwa.

Kuskure

A watan Mayu na shekarar ta ba mahaifinta ɗaya daga wayoyin gwaji. Ya riga ya ajiye tuƙi, amma duk Talata yakan hau bas zuwa asibitin ido ta hanyar zobe, wadda ta zagaye wani tudu mai ƙarfen sabis a kansa. Mako uku a jere mahaifiyar tana kiransa a hanya ba ta samu, har ta ce kashewa yake yi don kada a aike shi kasuwa. Shi kuwa mutum ne da ya san kowace kwana ta hanyar, ya lura a wuri ɗaya abin ke faruwa, inda titi ya kutsa tsakanin duwatsu.

Ya ce da ita: "Uwata, wayar nan taku barci take yi a bakin aiki. Da kwandasta ce da na sallame ta."

Ba ta yi dariya ba. Talatar da ta biyo baya ta hau bas ɗin da na'urarta a cinya, ta zaga sau huɗu. Abin da ta gano shi ne: motar da ke zagaye tudu nisanta da ƙarfen ba ya sauyawa, ƙarfin sabis ma haka, sai waya ta zaci a kan tebur take, ta daina duba maƙwabta. Da an shiga tsakanin duwatsu sabis ya yanke, wayar takan yi kusan minti biyu ba ta san inda za ta kama ba. Ma'aikatan gwaji ba su taɓa ganin haka ba, domin al'adarsu su tashi daga gindin ƙarfe su miƙe su dawo. Babu wanda ya taɓa zagayawa, har ita.

Ta kai wa manajan kamfani rahoto, ta nemi a dakatar da tsarin. Manaja ya yi ta lallashi. Ya ce an riga an yi wa abokan ciniki alkawari, kowane aiki da ɗan tabonsa, a saki yanzu a gyara baɗi, sunanta yana nan daram. Daga ƙarshe ya ce hanya ɗaya ce fa cikin dubu.

Ta ce: "Ranka ya daɗe, motar asibiti ma ta nan take bi."

Ta janye sa hannunta a rubuce ranar 2 ga Yuli. Satumba ta wuce ba a saki komai ba. A watan Oktoba aka sauke ta daga shugabanci, aka cire sunanta daga tsarin, aka mayar da ita ɗakin nan marar taga, ƙarƙashin wanda ita ta koya wa aiki. Wasu suna ce mata Mai Birki a bayan ido. Mijinta ya ba ta shawara ta nemi wani wurin, ta ce wanda ya ɓata rawa ba ya barin fage sai ya gyara. Mahaifinta ya yi nadamar buɗe baki, ya faɗa mata haka sau ɗaya. Ta ce da shi, "Baba, kai ka duba, mu ne ba mu duba ba." Ba su sake tayar da maganar ba.

Gyara da jinya

Daga 2020 zuwa 2022 ta sake gina ƙa'idar. Ta hana waya yarda da shaidar ƙarfe ɗaya: sai ta haɗa da abin da ke cikinta mai jin motsi, kuma aka yanka mata iyakar lokacin da za ta yi ba awo. Ribar batir ta sauko zuwa kashi ɗaya cikin bakwai, ta ce bakwai na gaskiya ya fi. Ta sa aka ƙara zagaye cikin hanyoyin gwaji.

A watan Yuni na 2022 aka gano tana da ciwon ƙoda. Sau biyu a mako ana wanke mata jini, sauran kwanakin tana ɗakin gwaji. Ta miƙa rahoton ƙarshe a watan Janairu na 2023. Ba ta roƙi a mayar da sunanta ba, kuma ba ta yarda kowa ya roƙa mata ba.

Rasuwa

Allah ya yi mata rasuwa da hantsin ranar Alhamis, 16 ga Maris, 2023, a asibiti, gaban mijinta da mahaifiyarta, tana da shekara arba'in da huɗu. Aka yi mata sallah bayan azahar, aka binne ta a maƙabartar unguwarsu.

A rana ta uku manaja ya zo gaisuwa da takarda a hannu: an karɓi tsarin kamar yadda ta gyara shi, an mayar da sunanta a kai. Ya so ya miƙa a keɓe. Mahaifinta ya ƙi tashi daga tabarma, ya sa aka karanta a gaban jama'a, da ƙarfi, sau biyu. Sa'an nan ya amsa gaisuwar.

Ta rasu ta bar iyayenta biyu, da mijinta, da ƙanne huɗu, da 'ya'ya uku: Babba, mai shekara goma sha shida, Baƙuwa, mai sha uku, da Auta, mai tara. Allah ya jiƙanta, ya raya abin da ta bari.