Kwanon fura a hanyar Kajiji

Jiya bakanike a Bodinga ya sa wa motata sababbin shakazoba. Na bi ramukan hanyar Kajiji ban ji jijjiga ba, sai marigayi Baffa, ƙanen mahaifina, ya faɗo mini a rai.

Shi ya koya mini tuƙi. Yakan ɗora kwanon fura a cinyarsa, in ko ɗigo ya zuba, sai na ji ranƙwashi a ka. "Mota ba ta da laihi," yakan ce, "direba ne jaki."

Da ciwo ya kwantar da shi, ni na ɗauko shi zuwa asibiti a a-kori-kurar da na ƙara wa ƙarafunan sifirin a ƙasa saboda lodin albasa. Babu kaya a bayanta, sai tsalle take yi. Kowane rami sai ya yi nishi, yana damƙe da ƙofa.

"Sassauta, ɗana," ya ce. Bai taɓa kirana haka ba.

Ban ɗaga ƙafa ba. Na ce, "Baffa, mota ba ta da laihi."

Ya rufe ido, bai ƙarasa mini da "direba ne jaki" ba. Kwana uku ya ƙara a duniya.

Allah ya sa kabari ya yi masa laushin da na hana shi.