Tagogin Jirgin Baba Mani

Duk abin da zan manta a aikin nan, ban da Larabar da na dawo daga taro na tarar jirginmu yana shan iska ta taga talatin. A lokacin ina mataki na tara a aikin gwamnati, ni ne mai kula da sashen aikin katako a wata kwalejin fasaha a nan cikin Katsina, kuma waɗanda suka yi aiki da ni sun san zuciyata a kusa take.

A zango na biyu na wannan shekarar aka aiko mana takarda cewa kowace kwaleji ta kai abin da ta ƙera wurin baje kolin jiha. Shugabanmu, Alhaji Sada, ya ce gangar jikin jirgin fasinja za mu yi, daga hanci zuwa wutsiya, babu fukafukai, a ma'aunin ɗaya bisa ashirin. Wato duk abin da ya kai santimita ashirin a jirgin gaske, a namu santimita ɗaya ne. Tsawonsa ya tashi kusan mita biyu. Ni na yi zanen, na rattaba hannu a ƙasansa, kamar yadda doka ta ce.

Mai aikin hannun kuwa Baba Mani ne, kafinta ɗan Ƙofar Durbi, mataki na huɗu, saura masa wata biyu ya cika shekara talatin da biyar a aiki ya yi ritaya. Bai iya karanta Turanci ba, amma in ka nuna masa zane sau ɗaya ya shige kansa. Shi ya yanka zobba ashirin da huɗu na filawud, ya jera su kamar haƙarƙari, ya ɗaure su da siraran tukurwa saboda rashin nauyi. Fatar jirgin da tsofaffin faranta na alminiyon muka yi ta, waɗanda wata maɗaba'a ta gama da su. Rufin kuma ana ɗaga shi a ga kujeru a ciki. Ni dai nawa awo ne da surutu, har ya kan ce mini, "Malam Lawal, bakinka ya hi zarto kaifi."

Saura tagogi aka tura ni taron kwana huɗu. Na miƙa masa zanen a tsaye, jakata a kafaɗa, na ce taga talatin kowane gefe, kowace kamar farcen babban yatsa, ga robar gilashi nan. Iyakar abin da na faɗa ke nan.

Ranar Laraba da safe Alhaji Sada ya tare ni a bakin ofis ya ce mu je ya ga inda aka kwana, don baje kolin Litinin ne. Muka tarar da Baba Mani ya sa sabuwar hula, yana ta murmushi. Bayan gaisuwa ya ɗaga rufin, ya ɗauki tsinken tsintsiya, ya zura ciki, ya ture wani ɗan abu. Sai taga ta buɗe. Ya bi na gefen hagu ɗaya bayan ɗaya har talatin. Kowace ya yi mata hinji biyu da gwangwanin madara da guntun allura, da 'yar sakata wadda sai ka kanne ido za ka gan ta.

Wallahi ban taɓa ganin aikin hannu mai kyau irin wannan ba, kuma ban taɓa jin gabana ya faɗi kamar lokacin ba. Alhaji Sada, wanda ya hau jirgi zuwa aikin hajji sau biyu, ya dube ni ya dubi jirgin.

"Mani, mi ne ne wannan? Tagar jirgi ce ke buɗewa?"

"Ranka shi daɗe, to mutum ɗari da wani abu ɗaki guda, a rufe su ruf? Ko awaki ba a yi masu haka. In zahi ya taso fa?"

Baba Mani bai taɓa shiga jirgi ba. Shekara talatin da biyar yana sa wa ajujuwa tagogi, kuma a saninsa wanda ya yi ɗaki babu mashigar iska mugu ne.

Alhaji Sada bai yi dariya ba. Ya ce an ɓata kwana huɗu, gefen dama ko taɓa shi ba a yi ba, injiniyoyi ne za su duba, za a mayar da kwalejinsa abin dariya. Ya ce a rubuta wa Mani takardar tuhuma kan yin aiki ba bisa zane ba. Ga waɗanda ba ma'aikata ba, takardar tuhuma ana ba ka ita ne ka kare kanka cikin kwana biyu, in amsar ba ta gamsar ba a bi ta da gargaɗi, duka su zauna a fayil ɗinka har abada. Fayil ɗin Baba Mani babu ko ɗigo. Ya sha gaya mana cewa bai tara komai ba, wannan ne abin da zai nuna wa 'ya'yansa. Na ga ya cire sabuwar hular ya riƙe a hannu, ya rasa inda zai sa idonsa.

Da farko haushinsa na ji, ba zan ɓoye ba. Har na buɗe baki. Sai idona ya faɗa kan zanen da ke manne a bango, da sa hannuna a ƙasa. Na rubuta tsawo, na rubuta faɗi, ban rubuta ko'ina cewa a liƙe take ba, don a ganina kowa ya sani. Ni ɗin ma sau ɗaya tak na taɓa hawa jirgi.

Na bi Alhaji Sada ofis na ce, "Ranka ya daɗe, bai saɓa zane ba. Zanen ne bai faɗa ba, kuma nawa ne. In takarda za a ba wani, ni za a ba."

"Ka san kana cikin jerin ƙarin girma bana?"

Na ce na sani. Kafin azahar masinja ya kawo mini ita, ranar Juma'a gargaɗi ya biyo baya.

Na koma na zauna da Baba Mani a kan benci, na yi masa bayanin da ya kamata in yi tun farko: can sama iska ba ta isa numfashi, sanyi kuma kisa yake, shi ya sa ake rufe jirgi gam a hura masa tasa iskar. Ya daɗe yana jinjina kai, sannan ya ce, "Ashe tausai ne ya sa suka liƙe ta. To madalla." Da hannunsa ya bi tagogin nan da gam yana rufewa, ya lulluɓe hinjojin da bangon ciki. Ni na riƙe masa fitila ina jin kamar in yi kuka. Muka yi Asabar da Lahadi a kan gefen dama. Ranar Litinin muka zo na uku, babu wanda ya san abin da ke bayan bangon.

Ƙarin girmana ya yi jinkirin shekara guda. Ban gaya wa Baba Mani abin da na yi ba, amma ofis ba ya riƙe sirri. Ranar da aka sallame shi, bayan an karanta cewa ya gama aiki babu tabo, ya ratso mutane ya kama hannuna da hannuwansa biyu masu kaushi. Ya ce, "Ɗana, na ji. Allah shi rufa maka asiri yadda ka rufa mani." Na ce Amin.

Ku da kuke tasowa, ga abin da na koya. In za ku ba mai aikin hannu zane, ku ajiye jaka ku zauna, ku gaya masa abin da za a yi da abin, ba awo kaɗai ba. Duk gurbin da kuka bari, da hankalinsa da kirkinsa zai cike shi, kuma in aka samu kuskure a nan, na mai sa hannu ne. Gargaɗin nan yana fayil ɗina har gobe, shafi na arba'in da ɗaya. Sau biyu ana ba ni shawarar in nemi a cire shi, ina cewa a bar mini abina.