Hotona a Fostar Marayu

Ranar da katangar gidanmu ta faɗi, ranar ce rina ta harbe ni a ido. Ruwa ya kwana yana zuba a unguwarmu ta Kwarbai, da safe katangar ƙasa da ta raba mu da lungu ta kwanta, ta tafi da ɗakin girki, ta haɗa da gidan rinar da ke maƙale a jikinta. Rinar ba ta tsaya binciken wanda ya rushe mata gida ba, ni ta tarar ina tono tukwane cikin taɓo. Kafin azahar idona na hagu ya kai girman gwanda.

Ina zaune kan ɓaraguzai ina kuka da ido ɗaya sai ga Malam Kodineta. A lungunmu yake. Yana da ƙungiyar agaji a wani ɗan shago mai tebur guda da fankar da ba ta taɓa juyawa ba, kuma tun da ya fara zuwa taro Abuja ya daina amsa sunansa na yanka. Ya ɗaga waya ya ɗauke ni hoto, ya ce sannu, ya wuce.

Ashe da hoton ya nemo tallafi. Wata hukuma mai ba ƙananan ƙungiyoyi kuɗin agaji ta amince za ta bayar kashi biyu. Da kashin farko aka raba tabarmi da bokitai da gidan sauro. Kashi na biyu shi ne na gyaran ɗakunan da suka faɗi, sai sun zo sun gani da idonsu za su saki. Duk wannan ban da matsala da shi. Matsalata ita ce fostar da ya kafa a bakin titi, ta leda, wadda za a iya lulluɓe motar itace da ita har a sami saura. Ga ni nan a tsakiya, taɓo har goshi, majina tana ƙyalli, idon nan kuwa an buɗa shi har ya kai faifai. A ƙasa an rubuta da Turanci da Hausa cewa a taimaki marayun da ambaliya ta raba da gidajensu.

Babana yana raye. A lokacin da ake kafa fostar ma yana zaure yana aikin zare a wuyan wata babbar riga, yana cin gyaɗa.

Abokan ɗinkinsa suka riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya suna yi masa ta'aziyyar kansa, suna tambayarsa yadda ya samu can. Shi dariya yake yi har allura tana faɗuwa. Ni kuwa a makaranta an sa mini Marainiya Mai Uba. 'Yan acaɓa suka mai da ni alamar hanya, sai ka ji ana cewa a sauke mutum wajen mai kumburin ido. Wata 'yar ajinmu da ke zuwa daga Kufena ta kawo mini ragowar ƙosai a leda, ta ce sadaka ce, kada in ji kunya.

Na sami Malam Kodineta a shagonsa, na durƙusa na gaishe shi yadda aka koya mini, na roƙi ya cire. Ya juya a kujera ya yi mini bayani kamar mai karanta labarai a rediyo. Masu ba da tallafi ba sa sakin kuɗi sai sun ga hoto mai taɓa zuciya. Tambarinsu yana jikin fostar, yarjejeniya ta ce ba a sauke ta sai aiki ya ƙare. Kalmar marayu kuma gaba ɗaya ake nufi, ba ni kaɗai ba. Na ce ai ni kaɗai ce a hoton.

"Yarinya," in ji shi, "idon nan naki ya yi wa unguwa aikin da kansila bai yi ba. Ki gode wa Allah."

Na kai ƙara wurin Baba, ya ce maƙwabci ne, a yi haƙuri. Na yi haƙurin a baki. A zuciya kuwa kullum sai na soya Malam Kodineta da manja kafin in karya kumallo.

Da ranar zuwan baƙin ta matso sai Allah ya kawo mini shi har gida. Namiji baligi ba ya wuce zaure a gidajen cikin birni, don haka duk saƙon da zai kai wa mata sai ya nemi yarinya. Ya tsaya a zaurenmu ya sa aka kira ni. Ya ce in bi gida gida in shaida wa matan da aka rubuta sunayensu a tallafin cewa ranar Laraba su fito filin ƙofar gidan mai unguwa da tsofaffin zannuwa. Ban da kwalli, ban da turare, ban da ɗan kunne. Wadda take da takalmi mai kyau ta bar shi a ɗaki. Ni kuma in sa kayan da ke jikina a hoton, kada in wanke.

Na isar da saƙon daidai, ko wasali ban rage ba. Daga Kaka na fara, uwar babana, wadda ko jana'izar kaza ba ta zuwa sai ta shafa kwalli. Ta saurara ta ce to. Sai na ƙara da cewa na ji za a ɗauki hotuna a sa a waya, duniya duka ta gani, har surukanmu na Tudun Jukun. Na kuma ce ban sani ba ko gaskiya ne, amma kamar na ga Hajiyar gidan bayanmu tana shanya leshinta.

Kaka ta ajiye carbi. Ta ce tun da aka gina ganuwar garin nan ba a taɓa tarbar baƙo da tsumma ba, kuma ba a kanta za a fara ba. A gidan Hajiya na ce Kaka ta aika a karɓo mata sarƙarta. Daga nan ban sake wahala ba, maganar ta riƙa tsallaka katanga da kanta, har inda babu katangar.

Laraba da hantsi mota fara ta tsaya. Wata mata mai tabarau ta fito, Bahaushiya, ita ce jami'ar da ke kula da tallafin, da wani saurayi mai kyamara. Malam Kodineta ya sa tsohuwar riga shi ma, yana gaba yana ba su labarin irin halin da za su gani, yana roƙon su daure zuciya.

Turaren wuta ne ya fara isowa, kamar an kunna wa kasuwar turare gobara. Sai matan suka ɓullo daga lungu. Leshi, shadda, atamfa mai tsada, ɗaurin kallabi wani sai an sunkuya kafin ya wuce ƙofa. Gwal ɗin da aka aro a ranar, da an sayar da shi da an yi wa Kwarbai rufin gilashi. Kaka tana gaba da sarƙa biyu, ɗaya tata, ɗaya ba ta ma san mai ita ba. Bayansu yara ɗauke da kwanonin dambun nama da alkaki da fura, da wani zakara mai rai da aka ɗaure wa ƙafa, domin ba a sallamar baƙo hannu sake. Ni na sa kayan sallata, na zizara kwalli a idanuna biyu, masu girma ɗaya.

Malam Kodineta ya tsufa a tsaye.

Jami'ar ta dubi fostar da ke tsallaken titi, ta dube ni, ta gane ni. Ta kama hannuna da tausayi ta ce Allah ya jiƙan mahaifina. Baba yana gefena, na riga na ja shi ya fito da zarensa a kafaɗa.

"Amin, Hajiya," ya ce, "idan lokacin ya yi."

Ta tambayi ko shi wane ne. Na ce shi ne marigayin.

Mai kyamara ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Ita ba ta yi dariya ba. Ta cire tabarau ta tambayi Malam Kodineta wa ya ba shi izinin sa hoton yarinya, kuma marayun da ya ambata a rahotonsa suna ina. Ya fara jero Turanci, ta amsa masa da Hausa. A nan na ji tsoron kada tallafin ya salwanta, don na tuna har yanzu a tsakar gida Inna, mahaifiyata, take girki, ruwa yana kashe mata wuta. Kaka ce ta katse su. Ta ce wa jami'ar in ɗakuna ta zo gani ta biyo ta, sarƙa ba ta tare ruwan sama. Haka ta ja ta gida gida, gwal yana ƙara, tana nuna mata inda kowa ke kwana tun faɗuwar ɗakinsa.

Kashi na biyu bai fito a kan lokaci ba. Sai da lokacin girbi ya wuce, bayan an sa mata biyu na unguwa cikin masu sa hannu, an kuma hana Malam Kodineta taɓa komai shi kaɗai. Inna ta ce jinkirin nan a wuyana yake, na ce a wuyan rina dai.

Fostar kuwa tun ranar Larabar aka ce Malam Kodineta ya sauke ta, jami'ar tana tsaye. Ba wanda ya ba shi aron yaro. Shi ya hau tsani da kansa, iska ta naɗe shi cikin ledar, ƙafa ɗaya a sama, hula a kwata, fuskata ta rufe tasa. Na karɓi wayar yayana na ɗauka, har sau uku don kada a samu kuskure.

Ledar tana kan akurkin kajinmu yanzu, idona yana kallon sama. Hoton kuma yana nan a ajiye, ban nuna wa kowa ba tukuna. Duk sanda muka haɗu a lungu, tun daga nesa yake fara gaishe ni, ya tambayi lafiyar Baba. Nakan ce masa yana nan da rai.